Ganuwa da Ƙofarta: Bayani a kan Haɗa Na'urar Tsaro da Intanet a Ƙananan Wuraren Ciniki na Ƙasar Mai'adua

Gabatarwa

Garin Mai'adua yana arewa da Daura, a bakin iyakar Nijeriya da Jumhuriyar Nijar, shi ne kuma mazaunin ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura, watau Daura, da Baure, da Mai'adua, da Sandamu, da Zango. Abin da ya ɗaukaka sunansa kasuwarsa ce mai ci ran Lahadi, inda a ke kawo shanu da raƙuma da tumaki da awaki da hatsi, fatake su saya su yi kudu da su. A cikin ƙasarsa ne kuma Kwangwalam ta ke, ƙofar da motoci ke bi zuwa Matamaye da Damagaram.

Cinikin irin wannan wuri a dā hannu da hannu a ke yinsa, a ƙirga kuɗi a sa albarka. Amma tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a shekarar 2001 al'amarin ya fara sākewa, ya kuwa ƙara sauri bayan da Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar sāke fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 cikin Oktoba 2022, abin da ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi a farkon 2023. Tun daga nan mai sayen sa da mai sayar da buhun gero duk suka koma ga tura kuɗi ta waya da na'urar POS. Yau kantin magani, da ɗakin shan magani mai zaman kansa, da makaranta, da ofishin masu fitar da kaya a kwastan, da shagon buga takardu, duk dukiyarsu da asirin abokan cinikinsu suna bi ta intanet.

Manufar wannan takarda ita ce a bayyana da Hausa yadda a ke haɗa na'urar tsaro ta irin waɗannan wurare da intanet, da dalilin kowane mataki. Ba mu nufin maye gurbin littafin da kamfani ke saka wa cikin kwali, domin kowace na'ura da tsarin shafukanta. Nufinmu malamin kwaleji ya sami abin da zai tsaya a kai in zai koyar, masu nazarin harshe kuma su ga kalmomin da muka zaɓa su auna su.

1. Mene ne ganuwa?

Sunan da Turawa suka ba wannan na'ura ma'anarsa bangon tare gobara, domin a gine-ginensu a kan yi bango mai kauri tsakanin gida da gida don kada wuta ta tsallaka. Wannan kwatanci bai zauna sosai a Hausa ba, gama bangon gobara ba shi da ƙofa, na'urar nan kuwa duk amfaninta a ƙofa ya ke. Don haka muka zaɓi kalmar ganuwa. Biranenmu na dā, irin su Daura da Katsina da Kano, ganuwa ce ta kewaye su, ba a shiga sai ta ƙofofi sanannu, kowace ƙofa da mai tsaronta wanda ya san wa ya fita, wa kuma ya ke son shiga.

Bukatar ganuwa ta fito fili cikin Nuwamba 1988, sa'ad da wani ɗalibi a Jami'ar Cornell ta Amurka, Robert Morris, ya saki wata manhaja mai yaɗa kanta, ta tsai da dubban kwamfutoci. Ganuwoyin farko duban kowane ƙunshin saƙo kawai su ke yi, su ga inda ya fito da inda za shi. Cikin shekarun 1990 aka sami masu tunawa, watau in kwamfutar cikin gida ta aika da tambaya waje, ganuwa ta rubuta, in amsa ta dawo ta gane ta ta buɗe mata. Saƙon da ya zo ba wanda ya aika a kirawo shi, sai ta mai da shi. Kamar mai gadi ne da ya ga fitar ɗan aike, ya san da dawowarsa, amma baƙon da ya ce shi ma aikensa aka yi ba ya wuce zaure.

Ganuwar ƙaramin wurin ciniki akwati ce da ba ta fi littafi babba girma ba. Kamfanoni da yawa ke ƙera ta, kamar MikroTik na ƙasar Latbiya, da Fortinet da Cisco na Amurka, da Sophos na Ingila. A jikinta akwai kafofin soka waya iri biyu. Wadda aka rubuta wa WAN ita ce kafar waje, mai duban intanet. Waɗanda aka rubuta wa LAN su ne kafofin ciki, masu duban kwamfutocin shago. Duk abin da za mu faɗa nan gaba a kan daidaita kafar waje ya ke.

2. Sanin irin layin da a ke da shi

Kafin a soka ko da waya ɗaya, wajibi ne a san ta inda intanet ke iso wa shagon. Hanyoyi huɗu ne sanannu. Ta farko, wadda ta fi yawa a garuruwan karkara, layin salula ne na MTN, ko Airtel, ko Glo, a cikin akwatin da ke kama sabis daga ƙarfen kamfani. Ta biyu, faranti ƙarami a kan rufi mai fuskantar wani farantin a kan dogon ƙarfe. Ta uku, wayar gilashi wadda haske ke bi ta cikinta, an fi samunta a manyan birane da hukumomi. Ta huɗu, tauraron ɗan Adam, kamar na Starlink wanda ya fara aiki a Nijeriya cikin Janairu 2023, ita ce kuwa ƙasa ta farko a Afirka da ya shiga.

Ko wace ce daga ciki, akwai tambayoyin da ya kamata a yi wa mai ba da layi, a rubuta amsarsu a takarda. Shin lambar gida da kanta za ta zo, ko kafaffiya ce za a ba mu? Shin akwai sunan shiga da kalmar sirri? Shin akwatinku zai yarda ya zama gada kawai? Shin lambar da za mu samu ta fili ce, ko ta tarayya? Ma'anar waɗannan tambayoyi za ta fito a sassa na gaba. Wanda ya tsallake su ya kan ɓata yini guda yana neman laifi a jikin na'urar da ba ta da laifi.

3. Shiga ta farko

A soka wayar da ta fito daga akwatin kamfani a kafar waje, a soka wayar kwamfuta guda ɗaya a kafar ciki. Kada a juya su, domin a wasu na'urori juyawar ta kan buɗe wa waje abin da aka tanada don ciki. Sa'an nan a buɗe manhajar duba shafuka, a rubuta lambar da ganuwa ta zo da ita daga masana'anta. Alal misali, na'urorin MikroTik su kan zo da 192.168.88.1, na FortiGate kuwa da 192.168.1.99.

Aikin farko, tun kafin a nemi intanet, shi ne sāke kalmar sirri. Dalili kuwa, kalmomin masana'anta ba asiri ba ne, suna rubuce cikin littattafan da kowa ke iya samu. A shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubun dubatar kyamarori da akwatunan intanet a duniya, ba da wata dabara mai zurfi ba, sai dai da gwada sunaye da kalmomi sittin da 'yan kai irin na masana'anta. Cikin Oktoba na shekarar aka yi amfani da na'urorin da ta kame aka toshe manyan shafuka irin su Twitter da Netflix na sa'o'i. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kalmar masana'anta kuwa ita ce tsagar da ta fi kowace faɗi. Kalmar sirri ta gari doguwa ce, ba sunan ɗa ba, ba lambar waya ba, ba sunan shago ba.

Aiki na biyu, da zarar intanet ya samu, sabunta manhajar cikin na'urar ne. A 2018 an gano wata kafa a manhajar sarrafa na'urorin MikroTik, kamfanin ya fitar da gyara cikin Afrilu, amma watanni bayan haka masu kutse suna ta cin waɗanda ba su ɗora gyaran ba. Akwatin da aka sayo sabo yana iya yin shekara a kanti, saboda haka sabuntarsa a ido ba ta nufin sabuntar abin da ke cikinsa.

4. Hanyoyi uku na samun lambar gida

Kowace na'ura a intanet sai da lamba, yadda wasiƙa ba ta isa sai da adireshi. Tsarin da ya fi yaɗuwa, IPv4, lambobi huɗu ne da ɗigo a tsakaninsu, kowace daga 0 zuwa 255. Kafar waje tana samun tata ta ɗayan hanyoyi uku, shafin daidaitawa kuma zai nemi a zaɓi ɗaya.

Ta farko an rubuta mata DHCP, mu kuwa mun kira ta lambar aro. Ganuwa ta yi kira, akwatin kamfani ya ara mata lamba na wani lokaci, tare da duk sauran bayanan da ta ke bukata. Ita ce hanyar akwatunan salula da na tauraron ɗan Adam, ba ta kuma bukatar a rubuta kome. Abin lura ɗaya, lambar aro tana iya sākewa gobe.

Ta biyu ita ce kafaffiyar lamba, wadda a ke rubutawa da hannu. Abubuwa huɗu a ke shigarwa. Na ɗaya, lambar kanta. Na biyu, ma'aunin unguwa, wanda ke nuna wane sashe na lambar ne sunan unguwa, wane ne kuma na gida. In an rubuta 255.255.255.0, to, lambobi uku na farko unguwa ce, ta ƙarshe gida, unguwar kuwa za ta ɗauki gidaje 254. Na uku, ƙofar fita, watau lambar na'urar kamfani wadda za a miƙa wa duk saƙon da ba na unguwa ba. Na huɗu, lambar mai fassara sunaye. Kuskuren harafi ɗaya a cikin huɗun nan ya isa ya hana kome tafiya, wanda kuma aka fi yi shi ne a rubuta ƙofar fita da ba ta cikin unguwa ɗaya da lambar.

Ta uku an rubuta mata PPPoE, mun kira ta shiga da sallama, domin ganuwa sai ta faɗi sunan shiga da kalmar sirri kafin kamfani ya ba ta lamba. Masu wayar gilashi da masu faranti su kan yi amfani da ita. Tana da wani sirri da ya kamata malami ya sani. Ƙunshin saƙo mafi girma da wayar cikin gida ke ɗauka baiti 1,500 ne. Sallamar nan tana cin baiti 8, saura 1,492. In ba a rage ma'aunin da aka rubuta wa MTU zuwa 1,492 ba, a kan ga wata cuta mai rikitarwa, wasu shafuka su buɗe, wasu su tsaya rabi, saƙo mai ɗauke da hoto ya ƙi tafiya. Mai shago sai ya ɗora wa sabis laifi, alhali kuwa kaya ne suka fi ƙarfin ƙofa.

In ganuwar tana da ramin saka layin salula a jikinta, akwai ƙarin abu ɗaya, watau sunan mashiga da aka rubuta wa APN, wanda kowane kamfani ke da nasa. Layin kuma dole ya kasance an haɗa shi da lambar shaidar ɗan ƙasa, bisa ga umurnin da Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta fara zartarwa cikin Disamba 2020.

5. Fatoma biyu a gida ɗaya

Lambobin IPv4 duka duka biliyan huɗu ne da miliyan ɗari uku, ko ƙasa kaɗan, babban rumbunsu na duniya kuwa ya ƙare cikin Fabrairu 2011. Abin da ya sa suka isa har yau wata dabara ce. An keɓe wasu lambobi don cikin gida kaɗai, su ne masu farawa da 10, da masu farawa da 192.168, da waɗanda ke tsakanin 172.16 da 172.31. Kowane shago yana iya amfani da su, amma ba sa fita waje. In kwamfutar ciki za ta yi magana da duniya, ganuwa ta cire lambarta ta sa tata. An rubuta wa wannan aiki NAT.

Mai karatu da ya san fatauci zai gane shi nan da nan. Baƙon da ya kawo dabbobi kasuwa ya kan sauka wurin fatoma, mai saye ba ya bukatar sanin baƙon, fatoman ya sani, da sunansa a ke ciniki, shi kuma ya san wa zai kai wa kuɗi. Ganuwa ita ce fatoman kwamfutocin shago.

Matsala tana tasowa ne in akwatin kamfani ma yana yin wannan aiki, sai a sami fatoma biyu, ɗaya a bayan ɗaya. Duba shafuka zai yi, amma kiran murya ta intanet, da hanyar sirri zuwa wani reshe, da kallon kyamara daga nesa, su kan gamu da cikas. Maganinsa a mai da akwatin kamfani gada, ya daina fatomanci, ya miƙa wa ganuwa lambar kai tsaye. Akwatin Starlink yana da irin wannan zaɓi, wasu akwatunan salula ma suna da shi, wasu ba su da shi.

In ba halin yin gada, to, lalle a tabbata unguwar waje da ta ciki ba su yi suna ɗaya ba. Akwatuna da yawa suna zuwa da 192.168.1.1 ko 192.168.0.1, na Huawei kuwa galibi 192.168.8.1. In akwatin kamfani yana unguwar 192.168.1 ganuwa ma ta sa cikin shago a unguwar 192.168.1, sai ta rasa gane ina ne ciki, ina ne waje, kome ya tsaya. A mai da ciki wata unguwa dabam, kamar 192.168.50, shi ke nan.

Akwai kuma fatoma na uku wanda mai shago ba shi da iko a kansa. Kamfanonin salula, da Starlink a tsarinsa na gama-gari, su kan tara abokan ciniki masu yawa a bayan lamba ɗaya ta fili. Alamarsa a ga lambar kafar waje ta fara da 10, ko tana tsakanin 100.64 da 100.127. Wanda ke kan irin wannan layi ba za a iya kiransa daga waje kai tsaye ba, kome ya buɗe a ganuwarsa. Attajirin da ke Kano yana son ganin ma'ajinsa na Mai'adua ta kyamara, sai ya nemi lambar fili daga kamfani, ko ya bi ta hanyar sirri wadda na'urar shagon ce ke fara kira daga ciki.

6. Mai fassara sunaye da agogo

Mutum suna ya ke riƙewa, na'ura kuwa lamba. Tsarin da ke mai da sunan shafi lamba an rubuta masa DNS, Paul Mockapetris ne ya tsara shi a 1983. A kan yi amfani da na kamfanin layi, ko na fili irin su 8.8.8.8 na Google, da 1.1.1.1 na Cloudflare, da 9.9.9.9 na Quad9, wanda ke ƙin fassara sunayen shafukan da aka san na cuta ne. A rubuta biyu, don in ɗaya ya yi shiru. Wannan gurbi yana da haɗari, gama ɓarawon da ya sami shiga ganuwa ya sāke mai fassara yana iya tura mai neman shafin banki zuwa shafin jabu mai kama da shi.

Agogon na'ura ma ba abin rainawa ba ne. Takardun shaida da shafukan banki ke nunawa suna da ranar farawa da ta ƙarewa, na'urar da ke zaton tana wata shekara dabam za ta ƙi su. Har wa yau, littafin da ganuwa ke rubuta abin da ya faru ba shi da amfani in lokutansa ba daidai ba ne. A sa ta ta riƙa ɗaukar lokaci daga intanet, a zaɓi agogon Afirka ta Yamma, mai gaba da na Girinwic da sa'a ɗaya, wanda Nijeriya da Nijar ke bi.

7. Dokokin ƙofa

Samun intanet rabin aiki ne, sauran rabin shi ne dokokin da mai tsaron ƙofa zai bi. Ban da kafofin da a ke gani a jikin akwati, kowace lamba tana da tagogi na lissafi har 65,535, kowane aiki da tagarsa. Shafuka suna bi ta 80 da 443, sarrafa na'ura daga nesa ta 22 ko 23, manhajar Winbox ta MikroTik ta 8291. Masu kutse suna da na'urorin da ba su da aiki dare da rana sai ƙwanƙwasa tagogin kowace lamba a duniya, ba ruwansu da ko ta babban banki ce ko ta kantin ƙauye. Saboda haka faɗin mai shago cewa ba wanda ya san da shi ba kariya ba ce.

Dokoki uku ne tushe. Ta farko, duk abin da ya zo daga waje ba a kira shi ba, a hana. Ta biyu, shafin sarrafa ganuwar kada ya buɗe ta kafar waje sam. Ta uku, a raba cikin gida sassa, yadda gidan Bahaushe ke da zaure da tsakar gida da turaka. Waifai na baƙi ya tsaya a zaure, ya ga intanet amma kada ya ga kwamfutar lissafi. Kyamarori su sami sashensu. Kwamfutar da a ke shiga banki da ita, da wadda ke riƙe da sunayen abokan ciniki ko na majinyata, su zauna a turaka. Ganuwa tana karanta dokoki daga sama zuwa ƙasa, ta tsaya a kan ta farko da ta dace, don haka dokar buɗewa mai faɗi in ta hau sama ta kan kashe duk na ƙarƙashinta.

Wannan ba shawara ce kawai ba. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su, Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 kuma ta tanadi hukunci ga mai kutse.

8. Layi biyu, da sha'anin bakin iyaka

Ran kasuwa jama'a su kan yi wa ƙarfen sabis yawa, layi ya yi nauyi daidai lokacin da ciniki ya fi bukatarsa. Ganuwoyi da yawa suna karɓar layi biyu, in na farko ya faɗi su koma na biyu. Amma fa a sa ganuwa ta riƙa gwada wata lamba mai nisa, ba akwatin da ke kusa da ita ba, domin akwati yana iya kasancewa a kunne alhali bayansa a yanke.

Layin biyu kuma su bambanta a kamfani, in da hali a iri ma. Ran 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, aikin bankuna da na sadarwa ya rikice a Nijeriya da maƙwabtanta. Cikin Satumba 2021 kuma hukuma ta rufe sabis na salula duka a ƙananan hukumomi 13 na kudu da yammacin Jihar Katsina saboda sha'anin tsaro. Abin koyi a nan shi ne layuka iri ɗaya suna iya faɗuwa tare.

Mutanen Mai'adua suna da wani abin lura da na Kano ba su da shi. Igiyar rediyo ba ta san kwastan ba. Akwatin salula da ke kusa da Kwangwalam yana iya sakin ƙarfen Nijeriya ya kama na wani kamfanin Nijar, sai ko dai intanet ya ɗauke, ko a shiga cajin baƙunci mai tsada. A kashe zaɓin yawo a cikin akwatin, a ɗaure shi da hannu ga kamfaninsa, eriya kuma ta fuskanci ƙarfen da a ke so.

9. Gwaji bisa tsari

In intanet ya ƙi, kada a yi ta taɓe-taɓe. A bi shi daki-daki daga kusa zuwa nesa. Da fari, fitilar kafar waje tana ci? In ba ta ci, waya ce ko wuta. Na biyu, kafar waje ta sami lamba? In ba ta samu ba, hanyar da aka zaɓa ce ba daidai ba, ko sunan shiga, ko kuwa data ta ƙare. Na uku, a aika da ɗan saƙon gwaji zuwa ƙofar fita. Na huɗu, a aika zuwa 8.8.8.8. In ya amsa, hanya a buɗe ta ke. Na biyar, a gwada da suna. In lamba ta amsa suna ya ƙi, laifin mai fassara ne. Na ƙarshe, a gwada daga kwamfutar ciki. In ganuwa tana fita amma kwamfuta ba ta fita, to, fatomancin ne ba a kunna ba, ko wata doka ta tare. Kowane mataki yana kawar da zato ɗaya, shi ya sa ba a tsallake shi.

10. Wuta, zafi da ƙura

Na'urar da aka daidaita da kyau yanayi yana iya kashe ta. Wutar lantarki ta kan ɗauke ta dawo da ƙarfi, janareta ma haka, don haka ganuwa da akwatin kamfani su sha daga batir na sola ko inbata, ga shi kuwa wutar da su ke ci ba ta da yawa. Zafin bazara ya kan haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano kuwa ya fi haka, kada a kulle akwati cikin durowa. Ƙurar hunturu tana toshe ramukan shan iska. Da damina tsawa ta kan biyo wayar faranti, sai a yi mata tsaro da ƙarfen da aka binne a ƙasa.

Bayan an gama, a kwafe tsarin duka a ajiye a wuri biyu, a rubuta lambobi da kalmomin sirri a littafin da mai shago da kansa ke riƙewa. Sau da yawa yaron da ya haɗa na'ura ya kan tafi karatu ko ya sāke gari da kalmar sirri a kansa, mai dukiya ya zama baƙo a ƙofar gidansa. Ran da ma'aikaci ya bar aiki, ran nan a ke sāke kalmomin da ya sani.

Kammalawa

Ganuwa tana da iyaka. Ba ta hana mai shago karanta wa ɗan damfara lambar sirrin da banki ya aiko masa ta waya, ba ta hana ma'aikaci buɗe takardar jabu, ba ta kuma tsare wayar da ke amfani da datar kanta. Da ɗan gari a kan ci gari, saboda haka horar da mutanen cikin shago yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da daidaita akwati.

A nan ne aikin malaman kwalejoji da na masu nazarin harshe ya shigo. Mai dukiyar da ba ya jin Turanci ba zai iya tambayar wanda ya haɗa masa na'ura ko ya rufe shafin sarrafawa ba, muddin babu kalmar da zai yi tambayar da ita. Kalmomin da muka kawo, watau ganuwa, da kafar waje, da lambar aro, da shiga da sallama, da ma'aunin unguwa, da fatomanci, da taga, shawara ce, ba doka ba. Muna roƙon malamai su gwada su a aji da bakin kasuwa. Wadda ɗalibi ya kama ba tare da an sāke yi masa bayani ba, a riƙe ta. Wadda ta ƙi zama a baki, a nemo wadda ta fi ta.